Yadda nake yanka faifan saba kafin in zuba rumbun bayanai a kai

Wata ranar Litinin, wajen ƙarfe 1 na rana, aka kira ni daga wani kamfanin sarin magunguna da ke nan Kano, wanda ni na haɗa musu saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanansu, shekara guda kafin nan. Akawunsu ne a waya, muryarsa har rawa take yi: "Injiniya, kwastomominmu duk sun ɓace. Bashin da muke bin mutane ma babu ko sisi a kwamfuta." Na ce tun yaushe? Ya ce tun safe, amma sun ɗauka matsalar netwok ce, sai suka ci gaba da yanka rasit suna sake shigar da sunayen masu saye.

Da na je sai na tarar bayanan suna nan lafiya lau a faifansu, faifan ne bai jonu ba. An ɗauke wuta daren Lahadi, batiran inbata suka ƙare kafin mai gadi ya tada janareta, sabar ta mutu. Da wuta ta dawo ta tashi da kanta, amma akwai wani faifan waje da aka manta da shi maƙale a jikinta. Shi ya karɓe sunan /dev/sdb, faifan bayanai ya koma /dev/sdc. Ni kuwa a cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa na'ura faifan da za ta jona a kowace folda lokacin tashi, sunan /dev/sdb1 na rubuta. Jonawa ta ƙi, sabar ta wuce abinta, PostgreSQL, manhajar rumbun bayanan da ke gudana cikin Docker (akwatin da ake killace manhaja a ciki), ya leƙa foldarsa ya gan ta fayau, sai ya yi abin da aka tsara masa idan ya tarar da folda babu komai: ya kafa sabon rumbu. Manhajar kanti ta gina teburanta a ciki, aka yi rabin yini ana ciniki a rumbun bogi. Kwana biyu na yi ina tsince rasitai ɗaya bayan ɗaya, domin lambobinsu sun ci karo da na tsofaffin. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, da hannuna na rubuta layin nan.

Tun daga ranar na sauya yadda nake shirya faifai. Abin da zan nuna maka a nan shi ne hanyar da nake bi yanzu, a kan na'ura irin wadda aka fi kawo mini: ƙananan SSD guda 2 da Ubuntu 24.04 ke zaune a kansu, sai wasu SSD guda 4 masu 960 GB kowanne, waɗanda PostgreSQL 16 zai zauna a kansu. In naka MySQL ne ko wani, kusan duk aikin ɗaya ne, zan faɗi inda suka rabu.

Ka lura babbar manhaja da rumbun bayanai ba faifai ɗaya na ba su ba. Wannan ba na sasantawa a kansa. Rumbun bayanai kullum girma yake yi, ranar da ya cinye wuri ba na so ya tafi da tushen na'urar, har in kasa shiga in gyara. Haka nan in wata manhaja ta haukace tana zuba rahoto a /var/log, ba na so ta toshe wa rumbun numfashi. Kuma duk ranar da Ubuntu ya lalace, sai in sake ɗora shi ba tare da na taɓa bayanan mutane ba.

Kafin ka taɓa komai, ka san faifan da kake magana da shi.

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL,FSTYPE,MOUNTPOINT

Ina rubuta lambar jikin kowane faifai a takarda, in je gaban na'urar in gwada da wadda ke manne a jikinsa, sannan in liƙa salatif a bakin kowace durowa in rubuta haruffa huɗun ƙarshe. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya taɓa cewa, "Oga, wannan ai ɓata lokaci ne, ga shi nan a allo." Na ce masa ranar da faifai ɗaya ya mutu da tsakar dare, kana riƙe da fitilar waya, kana so ka zare matacce ka bar mai rai, za ka gode wa salatif ɗin nan. Sunaye irin sdc da sdd aro ne, na'ura tana raba su ne gwargwadon wanda ya riga amsawa lokacin tashi. Sunan da ba ya canzawa yana cikin /dev/disk/by-id/. Zan yi amfani da gajerun sunayen a nan don sauƙin karatu, amma kai ka sake duba lsblk kafin kowane umarni mai gogewa.

Sai lafiyar faifan. Yawancin na'urorin da ke shigowa kasuwarmu na hannu ne, wasu kuma an yi musu kwalliya an ce sababbi ne. Ka sa smartmontools, ka tambayi faifan da kansa:

smartctl -a /dev/sdc

Ka duba awa nawa ya yi a kunne, nawa aka riga aka rubuta a kansa, ko akwai sektoci, wato ƙananan gurabun ajiya a faifai, da ya sauya saboda lalacewa. Na taɓa ganin faifai a cikin leda kamar bai taɓa shan iska ba, ya nuna mini shekaru yana aiki. Daga nan ka sa shi dogon gwaji da smartctl -t long /dev/sdc ka tafi sallah, ka dawo ka duba sakamako. Faifan da ya faɗi wannan gwaji komawa yake yi wurin mai shi.

Faifan hannu yakan zo da alamun tsohon gidansa: guntun RAID (haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya), tsohon LVM (shimfiɗar da ke ba da damar raba wuri a kuma faɗaɗa shi daga baya), tsarin fayil na wani. In ka rubuta wipefs /dev/sdc kawai, zai nuna maka su ba tare da ya goge ba. In ka tabbata faifan ne, sai wipefs -a /dev/sdc. Wannan umarni ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma ba ya jin ban haƙuri.

Yanzu yankan. Teburin da ke riƙe iyakokin yankunan faifai, irin GPT nake sawa ko da yaushe. Tsohon tsarin MBR ba ya iya wuce 2 TiB a faifan da kowace sektarsa bayit 512 ce, kuma manyan yankuna 4 kawai yake ɗauka. Ko faifanka bai kai haka ba, ban ga dalilin ɗauko tsohon kaya ba.

parted -s /dev/sdc mklabel gpt mkpart pgraid 1MiB 890GiB set 1 raid on

Lambobi biyun nan, 1MiB da 890GiB, kowace da dalilinta, kuma a nan nake so ka ɗan tsaya.

Ta farko maganar daidaita iyaka ce. A da, kayan yanka faifai suna fara yankin farko daga sekta ta 63. Lokacin da kowace sekta take bayit 512 babu damuwa. Amma daga wajen 2010 faifai suka koma rubutu da ɓallin bayit 4096 a ciki, ko da a waje suna nuna 512, SSD kuma nasa shafukan haka suke ko sun fi. Ka lissafa: 63 sau 512 ya ba ka 32,256, wanda ba ya rabuwa da 4096 daidai. Ma'ana kowane ɓalli na tsarin fayil ƙafarsa ɗaya tana wannan ɗaki, ɗaya tana wancan. PostgreSQL yana rubutu ne shafi-shafi, kowane shafi 8 KB. Shafin da ya kamata ya zauna a ɓalli 2 cif sai ya taɓa 3, faifan kuma dole ya karanto na gefe-gefen, ya gyara, ya mayar. Kamar fulotin awon igiya ne da aka ja katanga ta shiga filin maƙwabci: duk abin da za ka yi sai an taso shi. In ka fara daga 1 MiB, wato sekta ta 2048, lissafin ya zama 1,048,576, wanda yake rabuwa da 4096 sau 256 ba ragowa. Kayan aikin yanzu suna yin haka da kansu, amma ina tabbatarwa:

parted /dev/sdc align-check optimal 1

Ta biyu kuma, faifan 960 GB a lissafin Linux kusan 894 GiB ne, saboda masu sayarwa da dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1024. Na tsaya a 890 da gangan. Shekara uku nan gaba in ɗaya ya mutu, ba lalle ka sami irinsa sak a kasuwa ba. In wanda ka samo ya gaza da ƴan megabayit kaɗan, RAID ba zai karɓe shi ba. Wannan ƴar rarar da na bari ita ce ke ba ni damar sa na kowane kamfani. Shi ne ma babban dalilin da ya sa nake yanka yanki maimakon in ba RAID faifan ɗungurungum.

Ka maimaita wa sdd, sde da sdf. In naka NVMe ne, sunan zai zama kamar nvme1n1, yankinsa kuma nvme1n1p1.

Kan RAID kullum sai mun yi ciniki da mai kuɗin. Alhajin da na fara ba ka labarin kamfaninsa ya tambaye ni, "Injiniya, faifai huɗu na biya, me ya sa wurin biyu kawai nake gani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sauran biyun masu gadi ne." RAID 10 yana haɗa faifai biyu-biyu kowanne madubin ɗan'uwansa, sannan ya raba rubutu tsakanin rukunan. Rabin wurin ka sadaukar. RAID 5 zai ba ka wurin guda 3 cikin 4, shi ya sa yake jan ido. Amma rumbun bayanai aikinsa ƙananan rubuce-rubuce ne a warwatse, kuma kowane ƙaramin rubutu a RAID 5 aiki 4 yake jawowa: a karanto tsohon bayani, a karanto tsohon lissafin kariya, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafi. RAID 6 aiki 6. RAID 10 kuwa 2 kawai. Ranar da faifai ya mutu ma, RAID 5 sai ya karance duk sauran kafin ya gina sabon, RAID 10 daga abokin madubin kawai zai kwafa. Ka sani dai, faifai ɗaya kowanne ne ya mutu ka tsira, amma in biyu suka mutu kuma ƴan rukuni ɗaya ne, an gama.

mdadm --create /dev/md10 --level=10 --raid-devices=4 /dev/sdc1 /dev/sdd1 /dev/sde1 /dev/sdf1

Ka riƙa leƙa cat /proc/mdstat har ya gama daidaita kansa. Sannan ka rubuta shi a inda na'urar za ta tuna:

mdadm --detail --brief /dev/md10 >> /etc/mdadm/mdadm.conf
update-initramfs -u

In ka manta wannan, bayan ka sake kunnawa za ka ga md10 ɗinka ya rikiɗe ya zama md127. A cikin mdadm.conf ɗin kuma ka sa imel ɗinka a layin MAILADDR, ka tabbata na'urar tana iya aika saƙo. RAID ɗin da faifansa ya mutu wata shida babu wanda ya sani, da shi da babu duk ɗaya. In sabarka ta haya ce a wani kamfanin gajimare, wannan matakin ka tsallake shi, su suke kula da madubin daga ƙasa.

A kan RAID ɗin nake shimfiɗa LVM, domin ban taɓa cin daidai ba wajen hasashen girman da rumbu zai yi.

pvcreate /dev/md10
vgcreate vg_pg /dev/md10
lvcreate -L 1200G -n data vg_pg
lvcreate -L 80G -n wal vg_pg

Duka wurin kusan 1780 GiB ne, na raba 1280, na bar kusan 500 a ajiye ban ba kowa ba. Mutane suna ganin wannan asara ce. Ni a wurina kuɗin ƙarƙashin katifa ne. Duk ɓangaren da ya matsu, umarni ɗaya ya ishe ni, ba sai na kashe komai ba:

lvextend -r -L +200G vg_pg/data

Wannan -r ɗin shi ke faɗaɗa tsarin fayil tare da yankin. Ƙari abu ne mai sauƙi. Ragi ne wahala, a XFS ma kada ka sa rai da shi. Saboda haka ka fara da kaɗan.

Me ya sa WAL ya sami ɗakinsa daban? WAL shi ne ɗan littafin da PostgreSQL ke fara rubuta kowane canji a ciki kafin ya taɓa ainihin teburan, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta ciniki a ƙaramin littafi nan take, sai an natsu a shigar a babban kundi. In wuta ta ɗauke, daga wannan littafi yake sake gina abin da bai kai ga shigarwa ba. Fayil-fayil yake zuwa, kowane 16 MB. A zamanin faifai mai juyawa, ware masa faifansa na kansa yana ƙara sauri sosai, saboda rubutunsa a jere yake, allurar ba ta yawo. A nan kuwa, tunda duk a SSD huɗun nan suke zaune, kada ka yaudari kanka, babu wani saurin da za ka samu. Katanga kawai nake ginawa. In teburan suka cika ɗakinsu, WAL yana da wurin numfashi. In WAL ne ya kumbura, ba zai ci wurin teburan ba, kuma umarnin df, mai nuna cikar kowane yanki, zai nuna mini mai laifi nan take.

Yana kumbura kuwa. Saitin max_wal_size yana zuwa da 1 GB, sai mutum ya ɗauka 5 GB ya wadatar. Wannan iyaka ba ta dole ba ce. In umarnin da ke kwashe WAL zuwa ma'ajiya ya riƙa faɗuwa, ko wata sabar da ke kwafar bayanai ta mutu ta bar gurbinta a buɗe, PostgreSQL zai yi ta tara fayilolin yana jira. Ranar da wurin ya cika, tsayawa yake yi cak. In haka ta same ka, ka faɗaɗa yankin, ka gyara abin da ya toshe. Kada ka kuskura ka goge komai a foldar da hannu. Kafin fitowa ta 10, a 2017, sunan foldar pg_xlog ne, kuma mutane sun yi ta share ta suna zaton tarkacen rahoto ne, har masu manhajar suka sauya mata suna zuwa pg_wal.

Tsarin fayil: XFS ko ext4. An sha musu a kan wannan fiye da yadda ya cancanta, duka biyun suna riƙe PostgreSQL lafiya. Ni XFS nake sawa, wanda Red Hat suka mayar da shi na asali tun RHEL 7 a 2014, kuma masu MongoDB ma shi suke ba da shawara.

mkfs.xfs -L pgdata /dev/vg_pg/data
mkfs.xfs -L pgwal /dev/vg_pg/wal

A kan mdadm yana gano faɗin rabon RAID da kansa. In katin RAID ne na ƙarfe, sau da yawa ba ya gani, sai ka faɗa masa da -d su=256k,sw=2, ka sa ainihin girman da ka saita a katin a madadin 256k, 2 ɗin kuma adadin faifan da ke ɗauke da bayani ne ban da madubai. In ka zaɓi ext4, ka tuna yana ware kashi 5 cikin 100 ga root, wato babban mai iko a na'urar. A yanki mai 1200 GiB wannan 60 GiB ne zaune ba aiki. Ka rage shi da tune2fs -m 1.

Yanzu mun iso inda na faɗi a baya, don haka a nan nake sa ƙulli uku.

Ƙulli na farko, tun kafin a jona komai:

mkdir /srv/pgdata /srv/pgwal
chattr +i /srv/pgdata /srv/pgwal

Wannan +i yana kulle foldar ta yadda ko root ba zai iya ajiye komai a cikinta ba. Jona faifai a kanta kuwa yana yiwuwa, kuma da zarar an jona, abin da ake gani shi ne faifan, rubutu ya buɗe. In faifan bai zo ba, duk wanda ya zo rubutu zai ci karo da ƙofa a garƙame. Da na yi wannan a kamfanin magungunan nan, da Docker kuka kawai zai yi ya mutu, a kira ni ƙarfe 8 na safe a ce manhaja ta ƙi buɗewa, in gyara cikin minti biyar.

Na biyu, fstab da UUID, wato lambar shaidar kowane yanki wadda ba ta canzawa da sake kunnawa. Ka samo lambobin da blkid, ka kwafa, kada ka buga da hannu:

UUID=lambar-data /srv/pgdata xfs defaults,noatime,nofail 0 0
UUID=lambar-wal /srv/pgwal xfs defaults,noatime,nofail 0 0

noatime yana hana na'urar rubuta lokacin da aka karanta fayil, abin da rumbun ba ya buƙata. nofail yana barin sabar ta tashi ko da faifan bai zo ba, domin in iya shiga daga gida in duba, maimakon ta tsaya tana jiran wani ya zo da allo da kibod. In ka ci karo da tsohuwar shawarar sa nobarrier don ƙarin sauri, ka wuce ta. Kariyar da ke tsare ka ranar ɗaukewar wuta ce ake cewa ka cire, XFS ma ya daina karɓar kalmar tun kernel 4.19. Kafin ka sake kunna na'ura ka gwada:

findmnt --verify
systemctl daemon-reload
mount -a
df -h /srv/pgdata /srv/pgwal

Amma nofail yana da wutsiya. Da ka sa shi, systemd, mai tada ayyuka lokacin kunna na'ura, ba ya jiran wannan jonawar kafin ya ci gaba da tada sauran ayyuka. Wato rumbun yana iya riga faifansa tashi. Shi ya kawo ƙulli na uku. Ka rubuta systemctl edit postgresql@16-main.service ka sa wannan:

[Unit]
RequiresMountsFor=/srv/pgdata /srv/pgwal

Fayil ɗin da Ubuntu ke zuwa da shi yana da irin wannan layi, amma /var/lib/postgresql yake tsaro, bai san da sabon wurinmu ba. In a Docker kake, docker.service za ka yi wa wannan gyara. Daga yanzu in babu faifai babu rumbu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada ka zuba bayanan a bakin wurin jonawa kai tsaye, ka yi ƙaramar folda a ciki. Littafin PostgreSQL da kansa ya yi wannan gargaɗi. A ext4 akwai lost+found a bakin, initdb kuma, umarnin da ke kafa sabon rumbu, ba ya karɓar foldar da ba fayau take ba. Ranar ɗaga manhaja zuwa 17 ma za ka so 16 da 17 su zauna gefe da gefe.

install -d -o postgres -g postgres -m 700 /srv/pgdata/16 /srv/pgwal/16
pg_dropcluster --stop 16 main
pg_createcluster -d /srv/pgdata/16/main 16 main -- --waldir=/srv/pgwal/16/main --data-checksums

Layin tsakiyar nan yana rushe rumbun da Ubuntu ya kafa lokacin girkawa. A sabuwar na'ura kawai ake yin sa. In akwai bayanin kowa a ciki, ka janye hannunka. Shi kuma --data-checksums yana sa wa kowane shafi hatimi, ta yadda in faifai ya fara ruɓar da bayani a ɓoye, rumbun zai yi ƙara maimakon ya miƙo maka ruɓaɓɓe. A 16 ba ya kunnuwa da kansa, kuma yanzu ne ya fi sauƙin sawa.

Masu MySQL a Ubuntu: AppArmor, mai gadin tsaron Ubuntu, zai hana shi taɓa sabon wurin sai kun ƙara hanyar a dokokinsa, kuma saƙon da zai ba ku zai yi kama da matsalar izinin fayil, ku yi ta chown a banza. Shafin InnoDB, injin ajiyar MySQL, kuma 16 KB ne, ba 8 ba. A Rocky ko AlmaLinux SELinux ne zai tare ku, maganinsa semanage fcontext da restorecon. Kashe shi gaba ɗaya ragwanci ne.

Saura tambayar da ta fi damuna a garin da wuta ke tafiya ba sallama: shin faifan nan gaskiya yake faɗa? Duk lokacin da aka kammala ciniki, PostgreSQL yana cewa faifai, rubuta wannan ka tabbatar mini ya zauna. Wasu faifan suna amsawa da "ya zauna" alhali abin yana cikin ƴar ma'ajiyarsu ta wucin gadi, wadda ke gogewa da ɗaukewar wuta.

/usr/lib/postgresql/16/bin/pg_test_fsync -f /srv/pgwal/16/gwaji

Ga yadda nake karanta sakamakon. Faifai mai juyawa sau 7200 a minti yana zagaye 120 ne a daƙiƙa. In ya ce maka yana tabbatar da rubutu sau dubbai a daƙiƙa, akwai wanda ke riƙe abin a ƙwaƙwalwa a tsakani. In katin RAID ne mai lafiyayyen batiri, babu laifi, aikinsa ke nan. In kuwa ma'ajiyar faifan ce da kansa, wadda ba ta da batiri, ka kashe ta da hdparm -W0, ka kuma duba bayan kowace kunnawa, don takan dawo. Batirin katin ma ka riƙa dubawa, zafin watan Afrilu a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke bin wutar gari yana cin sa da wuri. In ya mutu, yawancin katunan suna komawa rubutu kai tsaye, sai ka ji ana cewa manhaja ta yi nauyi ba a san dalili ba. A SSD kuwa, lokacin saye nake tambaya ko yana da kariyar ɗaukewar wuta, wato ƴan kafasitocin da ke ba shi damar ƙarasa rubutu. Na saba suna da ita, na laftof yawanci babu. Bambancin kuɗin yana da zafi, amma nan ne wuri na ƙarshe da zan yarda a rage.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin bayanin gaske ya shiga nake yin ɓarnata. Ina fara da kashe faifai ɗaya da gangan:

mdadm /dev/md10 --fail /dev/sdd1
mdadm /dev/md10 --remove /dev/sdd1
mdadm /dev/md10 --add /dev/sdd1

Ina duba ko imel ya iso wayata, in kuma ga minti nawa ginin ya ɗauka, in rubuta. Sannan in sa alamar # a gaban layin data a fstab, ko in ɓata harafi ɗaya a UUID ɗin, in sake kunna na'ura. Abin da nake so in gani: sabar ta tashi, na shiga, PostgreSQL ya ƙi tashi, /srv/pgdata kuma babu ko fayil ɗaya a ciki. In mayar da layin yadda yake. Daga nan in cika rumbun gwaji da pgbench -i -s 100, wanda ke zuba layi miliyan 10, in sa shi aiki, yana tsaka da gudu in zare wayar wuta daga bayan na'urar, duka biyun in tana da biyu. Yaron nan nawa har rufe ido yake yi. In mayar, in zauna in karanta yadda rumbun ke bin WAL yana farfaɗowa, in bi shi da pg_amcheck, mai binciken ɓarna a teburan. Sau uku nake yi. Na'urar da ta kasa wannan a gabana ba za ta iya ba ranar Lahadi da dare.

Abu biyu nake ƙarasawa da su kafin in miƙa makulli. Ina ajiye fayil ɗin banza mai 10 GB da fallocate -l 10G /srv/pgdata/goge-ni-in-wuri-ya-cika, domin ranar matsi a sami abin gogewa da ba zai cutar da kowa ba, a sami sararin yin gyara. Ina kuma saita gargaɗi ya zo mini in kowane yanki ya kai kashi 80. Kwafin ko-ta-kwana kuwa ba ya zama a vg_pg, ko da akwai 500 GiB zaune. RAID yana kwafar kuskure da saurin da yake kwafar daidai: in wani ya goge tebur, a madubin ma ya gogu. Kwafin wata na'ura yake tafiya, a wani ginin in da hali.

Daga nan sai in buga sakamakon lsblk, blkid, vgs da lvs a takarda, in haɗa da fstab da lambobin faifan nan huɗu da ranar da aka sa su, in sa a leda saboda ƙurar hunturu, in liƙa a cikin ƙofar akwatin sabar. Kwafi ɗaya kuma in ba akawu ya sa a durowarsa.